Lauje da Jauje

"...da gajiyar hanya, amarya? To, ina saƙona?"

"Bari in sauke tukuna, tsoho. Kafaɗata ta kusa cirewa."

Rauda ta dire ƙunshin zanen a gaban kakanta, Malam Ladan, a zaurensu na unguwar Sabo a Ibadan. Da safe ya kira ta a waya tana tashar Ojoo, ya ce ta taho masa da wani abu. A hayaniyar motoci kalma ɗaya ta tsinta, jauje. Ita a Ibadan aka haife ta, Yarbanci ya fi zama a bakinta, ba ta taɓa jin kalmar ba. Wani dattijon direba ya ce mata ai ganga ce mai tsukakken ciki. Sai ta biya Mokola ta aro irinta wajen baban ƙawarta, makaɗin biki.

Malam Ladan ya kwance zanen, ya daɗe yana kallo.

"Rauda, wa ya haihu?"

"Ba kai ka ce jauje ba?"

"Lauje na ce! Lauje! Ciyawar bayan gida ta kai gwiwa, jiya an ga maciji inda ƙannenki ke wasa. Ke kuma kin kawo masa abin rawa."

Rauda ta riƙe ƙugu.

"Laifin haƙoranka ne. Guda nawa suka rage? Magana na fitowa ta giɓi tana ɓata hanya."

"Haƙorana goro ya ci, na san inda suka tafi. Ke Hausarki wa ya ci? Amala?"

"To malamin Hausa, oya, fassara. Mene ne lauje?"

"Ƙarfe ne lanƙwasasshe mai ƙota, ana yankan ciyawa da shi."

"Jauje fa?"

"Ganga ce, ana rataya ta a kafaɗa a matse da hammata."

"Ai kalangu ke nan."

"Yayan kalangu ne. Ya fi shi jiki, ya fi shi murya. Wannan da kika kwaso ma ba jauje ba ne, na Yarbawa ne. Kin yi kuskure a cikin kuskure."

"Su Yarbawa gangan suke ce masa, mu muna cewa ganga. Wa ya ara wajen wa?"

Tsohon ya sosa gemu.

"Lokacin da aka yi aron ba na gari."

"Kai da aka haifa kafin a gina Ibadan?"

"Na je sarin goro ranar."

Rauda ta zaro makaɗin gangar daga cikin zanen, ta juya shi a hannu. Sai ta ga kansa a lanƙwashe, ta miƙa masa dab da hanci.

"Tsaya. Lanƙwasasshe ka ce, mai wurin riƙewa? Ga laujenka. Ashe duka biyun na kawo, ko godiya babu."

"Je ki yanki ciyawa da shi, in kin gama na ba ki gidan nan."

"Amma tsakani da Allah, me ya haɗa sunayen? Harafi ɗaya ne fa tsakaninsu."

"Sunan ban sani ba. Amma aikin, da can a ƙauyenmu, ganga da kayan gona tare suke fita. Ranar gayya samari na sunkuye da fartanya, makaɗi na bin su a baya yana kiran sunan kowa. Wanda aka kira, ko bayansa zai karye ba ya ɗagowa."

"An taɓa kiran naka?"

"Ni? Kunya uku nake gamawa kafin makaɗi ya ɗaure ganga."

"Kai da tashi daga tabarma sai an kira mutum biyu?"

Tsohon ya miƙa hannu. Ya karɓi makaɗin, ya saƙale gangar a hammata, ya matsa, ya buga. Gangar ta yi wani kuka kamar akuyar da aka taka wa wutsiya. Ya sake, a karo na uku sai ga kiɗa ya miƙe, mai nauyi, mai taku. Rauda ta saki baki. Duk zamanta da shi ba ta taɓa ganin kafaɗunsa sun motsa haka ba. Masu wucewa suka fara leƙowa zauren.

"Me take cewa?"

"Cewa take, Rauda raguwa, je gidan Jatau mai raguna ki aro lauje."

"Ƙarya ne, ni na ji ta da Yarbanci. Cewa ta yi, tsoho ya yi kiɗa, samarin layi su yi yanka. Ga su nan a ƙofa, kiɗanka ya tara su. Da lauje na kawo, kai kaɗai za ka sunkuya, mu kwana muna yi maka tausa."

Malam Ladan ya dubi ƙofar, ya ga Safiyanu mai okada da abokansa sun yi cirko-cirko. Ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Ya laluba aljihu, ya zaro farin goro ya jefa mata.

"Kin ci, kurma. Ku kuma kun ji kiɗa kyauta, sai ku biya da gumi. Safiyanu, maza gidan Jatau. Ka ce lauje, ka buɗe baki da kyau!"