Ƙanƙarar da Na Saukar a Gonar Alhaji

Bidiyo uku na kalla kan haɗa shafin intanet, na fara jin kaina injiniya. Na haɗa wa ƙungiyarmu ta manoman rani a Watari shafi, na ɗora hoton gonar tumatirin shugabanmu, Alhaji. Don burgewa, na ƙara wata 'yar manhaja mai zubo dusar ƙanƙara a kan hoton.

Na buɗe shafin a wayata, na miƙa wa Alhaji ina murmushi. Ya ƙura ido, sai ya saki salati.

"Fararen ƙwari! Dillalai sun ga wannan?"

Ai tuni na tura musu. Kwana biyu Alhaji yana rantse-rantse a waya cewa gonarsa lafiya lau.

Har yau in na ratsa gonaki sai wani ya ƙwala min kira: "Injiniya, kawo wayar mu yi mata feshi!"