Kyandir Ɗin da Ya Ci Akuyar Tasalla

A ƙauyen Rafin Kanya, a gidan da ke bayan maƙera, mutum uku ne suke kwana suke tashi. Akwai Tasalla mai daddawa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tilo, Hansai, sai ƙanenta Nomau. Nomau ba yaro ba ne, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma kansa kamar mudu yake, abin da ka zuba shi za ka juye, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin tsamiya ka manta, gobe a nan za ka same shi. Ba ya ƙarya, ba ya ƙiwa, kuma wannan shi ya fi ci wa Tasalla rai, don ba ta taɓa samun inda za ta kama shi da laifi ba. Ta yi faɗa har muryarta ta dushe, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Da aka sa ranar bikin Hansai da ɗan gidan Iya Marka, Tasalla ta riga ta daɗe tana tara kayan ɗaki da guminta. Sai ga Hajiya Turai, gwaggon ango, mazauniyar birni, ta zo gaisuwa. Ta leƙa kayan, ta taɓe baki, ta ce yanzu amaryar da ba a jera mata kyandir mai ƙamshi ba, irin na cikin gilashi, ai ɗakinta rumbu ne. Tana dariya ta faɗa, ta shiga mota ta tafi abinta. Tasalla kuwa ba ta yi dariya ba. Ita ma an kai ta gidan miji da tabarma da 'yan ƙoruka, kuma har mijin ya koma ga Allah danginsa ba su daina ce mata wadda ta zo hannu rabbana ba. Ta san ɗacin gori, ta kuma rantse 'yarta ba za ta ɗanɗana shi ba. Amma da Mati direba ya gaya mata kuɗin kyandir ɗin ya kai na akuya, sai ta kasa yarda.

Wata rana Tasalla ta kira Nomau, ta ce ya bi motar Mati zuwa birni, ya je shagon da ake sayar da abin, kada ya dawo sai sun faɗa masa dalilin da ya sa ɗan kaki ya kai kuɗin akuya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ga kalwa a wuta, ga biki a gaba, wa za ta aika? Nomau ya isa shago, ya yi sallama, ya zauna a ƙasa kan tayil ya miƙe ƙafa. Mai shagon, wata mata mai fara'ar ciniki, ta ce masa araha ba ta ado. Ta ce kakin ba irin na kyandir ɗin kasuwa ba ne, na waken suya ne. Nomau ya ce a garinsu awara ake yi da waken suya, ya tambaye ta ko wannan ya kai akuya. Ta ce shi kaɗai bai kai ba. Ya gyara zama. Ta ce turaren daga ƙasar waje ake kawo shi, da hannu ake zuba kakin ɗaya bayan ɗaya, ga gilashi mai kauri, ga kwali mai ruwan zinariya, ga kuɗin jirgi da hayar shago. Kowanne ta faɗa sai ya ce, "Wannan ya kai akuya?" Da aka tashi rufe shago maigadi ya fitar da shi, da safe aka buɗe aka same shi a bakin ƙofa. Haka ya yi ta yi, masu saye suna tsallake ƙafarsa suna toshe hanci, har matar ta gaji, ta fizgo kyandir ɗaya ta dangwara masa a gaban ido.

"Ka ga takardar nan da ke jikinsa? Suna ne a rubuce. Sunan ake saya, Malam. Shi ne akuyarka. Tashi ka bar min shago."

Nomau ya yi godiya ya kama hanya. A gida kuwa Tasalla ta yi cigiya har ta gaji, ba mai ɗebo ruwa, ba mai faskare, ta fara tunanin ko mota ta buge shi. Da ya shigo ya zayyana mata amsa, ta rasa wanda za ta fi jin haushi, shi ko mai shago ko Hajiya Turai. Wato takarda za a sayar mata. Ta zagi birni da mutanen birni har maƙwabta suka leƙo, amma duk zagin bai cire mata tsoron gorin ba.

Wata rana, ranar kasuwa, Tasalla ta kwance akuyarta mai ciki da hannunta, ta kai ta kara, inda ake cinikin dabbobi, ta sayar, akuyar tana waiwaye tana kuka. Ta ƙulle kuɗin a tsumma ta ba Nomau ya koma birni ya sayo. Mai shagon tana miƙa masa ta ja masa kunne, ta ce zafi yana ɓata shi, ya ajiye a wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidansu. Nomau ya iso Tasalla tana maƙwabta wajen surfe. Ya zagaye gidan yana taɓa bango, yana taɓa ƙasa, bai sami inda ya kai cikin randa sanyi ba, sai ya tsoma shi da kwalinsa duka ya mayar da faifai ya rufe. Da yamma Tasalla ta zo shan ruwa, moɗa ta daki wani abu. Ta sa hannu ta tsamo. Kwalin zinariya ya narke ya zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa, takardar kuwa ta saɓule, rubutun ya wanke tas. Ta tsaya da gilashi tsirara a hannu.

"Nomau, me mai shago ta ce ake saya?"

"Suna, Yaya."

"To ina sunan?"

Ya leƙa randar da kyau ya ce yana ciki. Tasalla ta ɗaga muciya, ta tuna ɗan uwarta ne, ta rafka wa turmi. Ruwan randar ma sai zubarwa aka yi.

Wata rana Tasalla ta shinshina kyandir ɗin ta ji har yanzu da sauran ƙamshi, ta ce to ko ba suna, hanci zai ba da shaida. Ga shi murfinsa ya tafi tare da kwali. Tana sauri za ta kai ɗinkin amarya wajen tela, ta ce wa Nomau ya nemi abin da aka rufe ruf, inda iska ba ta shiga, ya sa shi ciki kada ƙamshin ya tsere. Duk gidan ba abin da ake rufewa ruf kamar tukunyar da Tasalla take turara dafaffiyar kalwa ta nuna ta zama daddawa, da ganye da buhu da dutse a kai. Nomau ya ɗaga, ya tona rami a tsakiyar kalwa, ya binne kyandir, ya mayar da komai yadda ya same shi. Sai ranar buɗewa abin ya tonu. Kyandir ya sha daddawa, daddawa ta sha turare. Tasalla ta yi ta maza ta daka ta sayar a haka, don ba ta da jarin sake wata, washegari kuwa mata suka yi mata layi a ƙofa, kowace da ƙorafin maigidanta ya ce miya tana ɗanɗanon sabulu. Sunan da ta yi shekaru tana ginawa a kasuwa ya zube a kan abin da ba a ci ba a sha. Ranar, don baƙin ciki, ko faɗa ba ta yi ba.

Wata rana, ranar jere, gida ya cika da mata ana fitar da kaya za a kai ɗakin amarya. Tasalla ta shiga ɗaki ta ɗauko kyandir ta dube shi. Ba kwali, ba suna, ga warin daddawa. In ta jera shi dariya za a yi wa Hansai, in ba ta jera ba Hajiya Turai tana can tana jira da bakinta. Zuciya ta ciyo ta. Ta ga Nomau tsaye a bakin ƙofa, ta cusa masa a hannu.

"Ɗauke min wannan masifa daga gabana. Kai wa wadda ta ɗora mana, ta dafa ta ci."

Magana zarar bunu. Ta juya wajen baƙi ta manta, sai da wata maƙwabciya ta shigo tana tambaya me Nomau zai yi a gidan ango da 'yar tukunya da cokali. Nan take Tasalla ta tuna abin da ta faɗa. Zagin dangin ango ranar jere, ai ko auren da ya fi wannan ƙarfi ya mutu a kan ƙasa da haka. Ta yafa zane ta fita da gudu, amma ta makara. Uwar amarya ba ta shiga gidan surukai ana tsakar biki, sai ta raɓe a bayan danga, tana ji tana gani ta kafar zana.

Nomau ya durƙusa a tsakiyar matan gidan, ya ajiye tukunya da cokali da kyandir a gaban Hajiya Turai, ya ce Yayarsa ta ce ta dafa ta ci. Hajiya ta miƙe tana huci, tana cewa a yau za a san wa aka raina, a je a gaya wa ɗan ɗan'uwanta ya nemi gidan mutunci. Iya Marka, uwar ango, tsohuwa mai ƙarancin magana, ta ce a dakata. Ta ce Nomau ya faɗi abin da ya faru tun daga farko. Da wani ne da ya rage, amma Nomau aka ce wa tun daga farko. Ya faɗi maganar rumbu, ya faɗi akuya mai ciki, da randa, da kalwa, da matan da suka dawo da daddawa, har da irin gorin da aka yi wa Yayarsa a gidan miji, wanda take faɗa ita kaɗai in tana daka. Tasalla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Iya Marka ta sa aka kawo ashana ta kunna kyandir ɗin. Wuta ta kama 'yar mitsitsiya, irin ta kowane kyandir, wani wari mai haɗe da ƙamshi ya tashi, mata suka fara tari a cikin mayafi. Tsohuwar ta dubi ƙanwar mijinta ta tambaye ta ko nata na birni ya fi wannan haske. Hajiya ta ce ai ba a kunna shi, ado ne, wa zai ƙone abu mai tsada haka?

"Ba a ci, ba a kunnawa," in ji Iya Marka. "Kuma da sunan gidana kika je kika sa marainiyar Allah ta sayar da dabbarta. Turai, yaushe na aike ki?"

Tsohuwar ta hure wutar, ta ɗauki mayafinta ta nufi ƙofa, ta ce ita da ƙafarta za ta je wajen Tasalla. Tana zagayowa ta yi kiciɓis da Tasalla a jikin danga. Tasalla ta durƙusa za ta ba da haƙuri, Iya Marka ta riƙe mata kafaɗa ta ɗaga ta.

"Ni zan ba ki haƙuri. 'Ya muka roƙa kika ba mu. Muddin ina numfashi, ba mai yi wa Hansai gorin ko cokali a gidan nan, wanda ya gwada kuwa da ni zai yi."

Ta faɗa da ƙarfi, yadda duk na cikin gida za su ji. Abin da Tasalla ta sayar da dabba ta ɓata sana'a don ta samu, ga shi ta same shi ta hanyar da ko a mafarki ba za ta bi ba. Hawaye ya zubo mata, rabi na sanyin zuciya, rabi na takaicin da bai huce ba.

A hanyar komawa gida Nomau yana biye da ita, tukunya a hannu, fuskarsa duk damuwa.

"Yaya, ba ta ci ba fa. In koma?"

Tasalla ta tsaya ta dube shi. Ta san ƙanenta sarai, ta san abin da duk ta faɗa yanzu shi za a yi.

"Bari sai bayan biki," in ji ta.