Rasuwar Taswirar Lokutan Ingilishi ta Zauren Malam Sallau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Sallau Abdulra'uf, tsohon malamin Ingilishi a kolej ɗin Matamaye, yana sanar da 'yan'uwa, da abokan aiki, da tsofaffin ɗalibai, rasuwar taswirar lokutan aikatau da ke jikin bangon zaurensa.

An haifi marigayiya a bazarar 1988, ba 1987 ba kamar yadda wasu ke faɗa, domin a 1987 ko rufi ba a yi wa zauren ba. Marigayi Shekara mai fenti, mutumin Kurni, wanda ya yi suna wajen zanen bayan motoci, shi ya zana ta, Malam yana tsaye yana faɗa masa. Bai san harafin Ingilishi ko ɗaya ba, amma ya san hanya. Don haka hanya ya zana: Damagaram a hagu, ita ce lokacin da ya wuce, tashar Matamaye a tsakiya, ita ce yanzu, Kano kuwa a dama, bayan shingen duwan, wato kwastan bakin iyaka, ita ce lokaci mai zuwa. Sigogi goma sha biyu na aikatau, kowace da motarta da launinta. Akwai wadda ta iso ta sauke kaya, akwai wadda ke cikin tafiya, akwai kuma koriyar nan da ta taso tun jiya har yau ba ta gama isowa ba, wadda Alhaji Hashimu mai atamfa ya rantse cewa shi ya taɓa shiganta.

Marigayiya ba ta da yawan magana. Abin da aka san ta da shi, ƙarar wata 'yar motar gwangwani da ke tafiya kan waya daga wannan kusurwa zuwa waccan: ƙiiii, sannan kwas, in ta isa Kano. Ta yi haƙuri da gyangyaɗin yara, da hayaƙin shayi, da yoyon damina. Ba ta taɓa zagin daƙiƙi ba. Yaron da Faransanci ya riga ya cika wa kai, in ya tsaya gabanta, da ido yake gane abin da baki ya kasa bayyana masa.

Ta daɗe tana jinya. Fentinta ya dusashe, tsaga ta ratsa ta ta wajen Damagaram, a daidai lokacin da yanar ido ta rufe idanun mai ita. Don ita Malam ya yarda aka kai shi asibiti a Damagaram aka yi masa aiki, da niyyar in ya dawo ya bi layukanta da sabon fenti.

Yana can kwance, babban ɗansa Marwan ya tuna cewa damina ta ƙarato, lokacin da kowane gida ke yaɓe. Ya ga bai dace mahaifinsa ya buɗe sabon ido a kan tsohon bango ba. Ya kira magina, suka kankare, suka shafe da siminti, suka bi da farar ƙasa. Ranar da Malam ya dawo, Marwan ya riƙo hannunsa har tsakiyar zaure, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Baba, duba ka gani. Kamar ba shi ba, ko?"

Malam ya duba. Idon ya warke sarai, ba abin da ya ɓoye masa. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya sa albarkar da gaske, bai kuma janye ba. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada wanda ya ɗaga wa Marwan murya. Tun da ya gane abin da ya faru bai iya haɗa ido da mahaifinsa ba.

Marigayiya ta bar sandar nuni guda, da ƙusa biyu a bango. Ta bar ɗalibai a Tsauni, da Yauri, da Yamai, da kasuwannin Kano. Ta kuma bar marayu ƙanana, wato Najaha, jikar Malam, da 'yan ajinsu, waɗanda jarrabawar fita kolej ke gabansu a watan Yuni, alhali motoci bakwai kawai suka sani.

Malam ya gwada sake zana ta a takarda, ya kasa. A nan ne ya gane abin da ya hana shi barci: duk shekarun nan baya ya ba ta, yana fuskantar yara, yana nuni da sanda ta kan kafaɗa. Ɗalibai ne suka kalle ta, ba shi ba. Ya san nahawun, amma bai san inda kowace mota ta tsaya ba.

Za a yi zaman makoki ranar Juma'a bayan la'asar, a zauren. Ba a buƙatar goro ko dabino. Duk wanda ya taɓa zama gaban marigayiya, ya zo da gawayi, ya zana abin da ya tuna, ko da taya ɗaya ce. In ta haɗu, karatu zai ci gaba ranar Asabar. In ba ta haɗu ba, za a shafa fatiha, a naɗe tabarmi, Malam ya sallami yaran da kansa, su nemi wani malamin tun Yuni bai yi ba.