Ƙofar da Ta Kasa Gane Hamidu

Daga rufin falo labarin ya sauko wa Abdulgani, domin a sabon gidansa na Kalgo bango ne ke amsa waya. Muryar Sadiya, matar Hamidu, ta cika ɗakunan: "Yaya, sai haƙuri. Taubashinka ya cika." Ya duba wurin zama, kujera ɗaya tal ke falon, tana can nesa. Ya sulale ƙasa kan tayil.

Allah ya jiƙan Hamidu, ɗan gwaggonsa, abokinsa tun suna kiwon awaki a Gwandu. Ba a taɓa jin ɗayansu ya faɗa wa ɗaya magana mai daɗi ba, ba a kuma taɓa ganin abin da ya raba su ba. Zuwansa na ƙarshe ne ya tsaya wa Abdulgani a ido.

Ƙofar gidan ba ta da makulli, fuska take dubawa ta buɗe, kuma tun ana ginin aka nuna mata ta Hamidu. Ran nan ya tsaya gabanta ta ƙi motsi, sai da maigidan ya fito da kansa.

"...Lahiya lau muka kwana," in ji Hamidu, "sai dai gidanka ba ya da tarbiyya, kamar mai shi. Sallama nike ta yi wa wagga ƙofa!"

"Ɓarayi kaɗai take hanawa. Ta yi aikinta."

"Samun sarari, kuturu da gaɗa cikin rama! Yaushe bawa ya fara tsayar da ubangidansa a rana?"

"Wa ye bawan? Shigo, kada ka ɓata mini bango da hannu."

Hamidu ya shiga, ya ja ya tsaya, ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Yaushe suka shigo? Har tabarma ba su bar maka ba?"

"Ba sata ba ce, baƙauye. Yayi ne: kaya kaɗan, fili da yawa. Masu hali ke yin haka."

"A Gwandu talauci muke ce masa. Ɗakin awakin uwata ya fi nan kaya. Ina jeren kwanonin matarka Huseina?"

"Suna cikin bango. Sai an taɓa yake buɗewa."

"Ka aurar wa bango 'yar mutane! Ran suna mi za ta nuna wa dangi, fenti?"

Abdulgani ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya: "Labule, buɗe." Labule ya ja kansa gefe.

"Allah Sarki," in ji Hamidu. "Mata ba ta ji, 'ya'ya ba su ji, ka koma ba labule umarni. Ce masa ya dama fura mu gani."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya lallaɓa ya zauna a kujerar nan, yana maida numfashi, ko motsi ba ya yi. Fitilun falon, da suke mutuwa in ba su ga motsi ba, suka ɗauke.

"Ka gani? Gidanka har ya yi mini sallar gawa."

Hasken taga ya faɗo kan Hamidu, sai yanzu Abdulgani ya dube shi da gaske. Hula ta zurma har kunne, wuya ya zama sillen kara, kumatun nan da yake tsokana tun suna yara babu su. Ashe ƙofa ba ta yi ƙarya ba.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe mi? Yayi ne. Nama kaɗan, ƙashi da yawa. Masu hali ke yin haka."

"Hamidu, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ga ɗaki nan babu kowa, ga asibitin Birnin Kebbi kusa. Ka dawo nan a duba ka."

"In kwanta a gidan bawana? Mutanen Gwandu su ce mi?"

"Su ce ka zo duba dukiyarka."

Hamidu ya kalle shi ta gefen ido. "To, da sharaɗi. Ba ni shiga banɗakin da ke buɗe baki in ya gan ni. Da butata zan zo."

"Kawo."

"Da tabarmata. Da murhu, Sadiya ta hura a tsakar gida, bangon nan ya san hayaƙi ya zama gidan mutane."

"Farin fenti ne, Hamidu!"

"Da tunkiyata, ba ta barci sai ta ji tarina."

Abdulgani ya dubi tayil ɗinsa mai ƙyalli. "Kawo ta. Kawo har uwarta."

Hamidu ya miƙe yana dariya, ya ciro goro daga aljihu, ya ɓare, ya auna da ido, ya miƙa masa ƙaramin ɓarin. Ya ce zai je ya haɗa kaya, ran Asabar a aiko mota. A bakin titi, da ƙafa ɗaya cikin tasi, ya waiwayo.

"Sai Asabar, bawa."

"Allah ya kai mu, ubangidana."

"Mi ka ce? Kunnena ya tsufa. Maimaita direba ya shaida."

"Shiga mota, mummuna, tun ban janye ba."