Guɗar Goggo da Kujerar Incaj

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da ranar da na zauna a kujerar da ba tawa ba a gaban ma'aikatan asibitinmu kaf.

Ni nas ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye tsakanin Ikara da Makarfi. Na daɗe ina aikin jinya kafin na koma jami'a na yi digiri, kuma da baƙar wahala na yi shi: in gama karɓar haihuwa, in bi mota zuwa Zariya, in dawo in tarar yara sun yi barci da takalmansu. Abin da ya riƙe ni shi ne zancen da ake ta yi, wai nas mai digiri ba ta tsufa tana yi wa mutane allura. Ko shugabanci, ko koyarwa, ko ofis mai fanka. (Wanda ya ƙirƙiro zancen nan, Allah ya haɗa ni da shi.)

Sai incaj ɗinmu, wato shugaban asibitin, ya yi ritaya. Ni kaɗai ce mai digiri a wurin. Na sa tela ya ɗinka min sabon farin kaya, na kuma yi gangancin gaya wa Goggo Hajara, ƙanwar babana da ke Likoro, wadda in ba ta yi guɗa ba mutanen garin ba sa yarda an yi biki. Ranar sanarwa sai ga ta tun da safe da kwanon dambu a kai.

Daraktan lafiya ya iso daga sakatariyar ƙaramar hukuma, aka jera benci a baranda, aka ajiye kujerar incaj mai hannu a gefensa, babu kowa a kai.

"A cikinku akwai wata baiwar Allah," in ji shi, "mai haƙuri, mai ƙwazo, wadda ta je jami'a ta ɗaga darajar asibitin nan."

Duk littattafan da na karanta kan tafiyar da asibiti, babu wanda ya gaya min cewa a irin taronmu wanda aka fara wankewa da yabo shi za a kayar. Lallashi ne, tun kafin a yi dukan. Kowa a bencin nan ya sani. Ni kuwa na miƙe, na gyara mayafi, Goggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa har masu jiran magani suka leƙo, na tako a hankali na zauna. Har da cewa, "Na gode, ranka ya daɗe."

Darakta ya yi gyaran murya. "Sista, ai ban ƙarasa ba. Saboda wannan ilimi nata, ita za ta riƙa rubuta wa sabon incaj rahoton wata-wata. Malam Sani, bismilla."

Sani! Sanin da ni na koya wa neman jijiya in za a yi allura! (Ba shi da digiri, amma yana da kawu mai faɗa a ji.) Ya zo ya tsaya a kaina yana sosa ƙeya. "Anti, ko in samo wata kujerar ne?"

Na tashi. Goggo ta ɗaga murya daga baya: "Ke, me ya tashe ki? Kujerar ce ba ta yi miki ba?"

"Goggo, don Allah ki yi shiru."

"To guɗar tawa fa?"

"Ai ba a mayar da ita, Goggo," in ji wata abokiyar aikina. Baranda ta ɗauki dariya. Dambun ma Sani ne ya fara sa hannu.

Kunyar ta wuce, fushin ne ya ƙi wucewa. Ba Sani nake jin haushi ba. Haushina na masu cewa mu je mu ƙaro ilimi ne, in mun dawo su mayar da digirinmu alƙalamin wani. Har yau ni ke rubuta rahoton, shi yana sa hannu, ana yaba masa iya Turanci.

Darasi dai na ɗauka. Yanzu in babba ya fara yabona a taro, sai in riƙe benci da hannu biyu, in kuma duba ko Goggo tana kusa.