Mai Shan Zaƙi a Tashar Jirgi

Ni da kaina na tsara waƙar, don haka ba ni da wanda zan kai ƙara. Ina sabon malami a wata firamare a Kafanchan, a shekarun saba'in, na ɗaura ɗamarar yaƙi da kayan zaƙi. Na koya wa 'yan ajina cewa gwaten acca da gwanda su ne abinci. Na kuma kafa doka: duk wanda suka kama da alawa, su kewaye shi da tafi suna rera, "Mai shan zaƙi, ina haƙoranka?" Hedimasta ya yaba, ni kuwa sai hura hanci nake.

Wata Asabar na je tashar jirgin ƙasa tarbar wani fasto, mahaifin budurwar da nake nema. Jirgi ya yi latti, yunwa ta taso. Na laɓe bayan buhunan citta, na huda gwangwanin madara mai kauri da zaƙi, na ɗaga kai ina tsotsa ido rufe.

Sai na ji tafi.

'Yan ajina ne masu tallan gyaɗa, sun yi mini zobe suna rera waƙar. Na ce, "Kai, yau ba makaranta!" Wata Ladi ta ce, "Malam, kai ka ce ko a ina." Ana cikin haka jirgi ya tsaya, fasinjoji suka kama amshi ta taga. Fasto ya sauko ya same ni da madara har haɓa.

Ya dai ba ni 'yarsa. Amma kowace Kirsimeti sai ya aiko da gwangwani guda da saƙo: "A gaida surukina, a duba mana haƙoransa."