Bikon Da Aka Yi Mini Ban Yi Yaji Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta ma matan unguwarmu ba za su bar ni ba, da ranar da dattawa suka bar sana'o'insu suka je bikona, alhali ni ban yi yaji ba.

Bari in faro daga tushe. Ni ban shiga aji ba sai da na haura arba'in, na aurar da 'ya'ya, sannan na zauna a benci a makarantar matan aure a nan Bukkuyum ina haɗa baƙi da wasali. Masu dariya sun yi har sun gaji. Ni kuwa in na sa abu a gaba, sai dai a kauce mini.

Tun bayan masifar gubar dalma da ta faɗa wa Yargalma da wasu ƙauyukanmu, ma'aikatan lafiya suka yawaita a yankin, mu ma muka daina gudun awo. Wata rana wata malamar asibiti ta zo ajinmu da abin awon jini. Ta ɗaura mini a dantse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa. Ta ce, “Hajiya, kina ciwon kai?” Na ce wace mai miji da 'ya'ya ce ba ta ciwon kai? Ba ta yi dariya ba. Ta ce jinina ya hau sosai, kuma da wannan jikin nawa ciwon suga ma yana hanya. Sai ta tambaye ni wane aiki nake yi a gida.

Na gyara zama na ce, “Ni? Matan 'ya'yana biyu suna gidan.”

(Da alfahari na faɗa, ku gane. A wurinmu hutu shi ne darajar babbar mace. Muna yara mun yi surfe, mun yi daka, mun ɗebo ruwa a rafi, mun kai abinci gona. Da injin niƙa ya zo, babura suka cika gari, sai muka zauna daram. Ko suna ake yi a bayan layinmu, ɗan kabu-kabu ake kira mini. In aka ce wance ta yi jiki, ai mijinta ake yabo.)

Malamar ta ce wannan hutun ne yake cina. Ta ce in je asibiti a ɗora ni a kan magani, in rage gishiri da dunƙule a miya, sannan kullum in yi tafiya da sauri har gumi ya tsatso mini. Ta ce tafiyar tana saukar da jini, tana ƙona suga da kitse, tana ƙarfafa zuciya da gwiwa. Ta ce in fara kaɗan-kaɗan (wannan ne kunnena bai ɗauka ba). A ƙarshe ta ce in na yi wasa, abin yana iya kai ni ga shanyewar ɓarin jiki.

Ciwon da ya kwantar da Innata ke nan. Ni na yi jinyarta. Ni nake juya ta, ni nake wanke ta, ni nake ɗura mata kunu yana zubowa ta gefen baki. Matar da muryarta ke tsayar da faɗan maza a ƙauyenmu ta koma sai dai ta bi mutum da ido, har Allah ya karɓi abarsa. A kan bencin nan na ce wa kaina, in dai da ƙafa ake guje wa wannan kwanciyar, to zan guje mata.

Saura izini. Malam, maigidana, ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai sanyi da gudun abin magana. Ya shafa gemu, sannan ya ce ya yarda in riƙa fita bayan sallar asuba, in bi hanyar bayan gari, in dawo kafin rana ta ɗaga. Amma da sharaɗi. “Ran da na ji ana maganarki a bakin kasuwa, an gama hitar nan.”

Haka na fara, a ɓoye. Akwai wani takalmin kambas da 'yata ta bari tun tana sakandare. Kunyar sa shi a cikin gari nake yi, sai in ƙunshe shi a ɗankwali tare da gorar ruwa, in rungume a cikin hijabi, sai na kai gindin wata tsamiya a bayan gari in sauya. 'Yan kabu-kabu ne matsalata. Ba mai wuce ni bai taka birki ba. “Inna, ina za ki? Hau in kai ki.” In ce, “Ka ga ƙahwata ta karye?” Daga tsamiyar nake ɗan ƙara gaba in juyo. A hankali na ji jikina yana sakewa, barci ya dawo mini, na daina haki in na tashi daga tabarma.

To, ranar da abin zai faru lokacin kaka ne, ana ta kwasar gero. Da safe na kawo wa Malam ɗumame. Ya kai loma ɗaya ya ajiye, ya ce, “Wagga miya ta ko ruwan wanki? Ke anka ce ma hawan jini, mu mi munka yi?” Ni kuwa Allah bai ba ni ƙaramar murya ba. In na yi magana a tsakar gida, gida uku ke ji. Na faɗa masa abin da ya sawwaƙa, na suri ƙunshina, na fice ko sallama ban yi ba. Maƙwabciyata Ladidi tana shara a ƙofar gida ta ce, “Ke, lahiya?” Ko kallonta ban yi ba.

Yanzu ku haɗa da kanku. An ji faɗa. An ga mace ta fito fuska a murtuke, da ƙunshi a cikin hijabi, tana zabga sauri. Hanyar da nake bi kuma, sai daga baya na lura, ita ce hanyar ƙauyenmu.

Fushi kuwa fetur ne a ƙafa. Na zura kambas a gindin tsamiya na wuce, na wuce inda nake juyawa, na wuce fadama, ina ta ba Malam amsa a zuciyata, kowace amsa ta fi ta baya daɗi. Ban farga ba sai da na hango giginyun ƙauyenmu. Rana ta ɗaga, ruwana ya ƙare, ƙafafuna suna rawa. Komawa ta fi ƙarasawa nisa, sai na ja jiki zuwa gidanmu, inda yayana Sani yake zaune da iyalinsa.

Matarsa Atine ta gan ni na faɗo gida jiƙe sharkaf, ido ja, ina haki. Ta saki muciya. “Innalillahi! Mi anka yi maki?” Na buɗe baki, numfashi ya hana. Na nuna hanyar da na fito. Ta dafe ƙirji ta ce, “Shi ɗin? Kar ki ce komi. Shiga ɗakin Inna ki kwanta, gidan ubanki na.” Na sha ruwa kwano guda, na ce bari in ɗan miƙe bayana sannan in yi mata bayani. Barci ya yi gaba da ni.

Muryar Yaya Sani ce ta tashe ni, bayan azahar, tana tashi daga zaure. Atine ta leƙo tana raɗa, fuskarta fal murna. Wai Malam ya ga ban dawo ba, wani ɗan kabu-kabu ya ce ya ga na shiga gidanmu, Ladidi kuma ta riga ta baza labari. Shi ne ya ɗauko wansa Alhaji Babba, wanda ya fasa zuwa kasuwar Gummi saboda ni, da limamin unguwarmu, suka zo da goro da turmin atamfa. “Ki ja aji,” in ji Atine. “Kar ki hita da wuri.”

Na kasa kunne. Ashe Yaya ya daɗe yana jiran irin wannan ranar.

“Ƙanwata ba ta rasa gata ba! Da bakinta ta ce min naman miyar gidanka sai an kunna tocila ake ganinai! Ta ce minsharinka ko kaji ba ya bari su yi kwana!”

Wayyo ni. Duk hirar da nake yi musu in na zo ganin gida, muna dariya, ita ce ya kwashe yake zazzagewa a gaban liman. Na zabura na fita, ban ma tuna kambas yana ƙafata ba. Na durƙusa a ƙofar zaure kamar yadda ake gaida manya, na gaishe su. Malam ya sunkuyar da kai. Idon Alhaji Babba yana kan takalmina.

Liman ya yi gyaran murya. “Ɗiyata, zaman aure sai haƙuri. Hwaɗa muna abin da ya hito da ke, a gyara.”

Na ce, “Allah gafarta malam, motsa jiki na hito.”

Liman ya karkato kunne.

Ya ce, “Motsa mi?”

Na yi bayani, muryata tana ƙanƙancewa, abin da ba ta taɓa yi ba. Yaya Sani ya ce, “Ke, dakata. Ba yaji kinka yi ba?” Na ce a'a. Ya dubi Malam, ya dubi rufin zaure, ya hau gyaran hula. Malam ya ɗago a hankali ya ce, “Ashe har kaji.”

Da ƙasa za ta tsage, da na shige da kambas ɗina.

Alhaji Babba bai ga abin dariya ba. Ya ce, “Mace da jikoki tana zarya a daji kamar mai kiwo? Gari duk ya ɗauka. Daga yau a bar wanga shirme.” Na san sharaɗin Malam ya karye, maganata ta kai kasuwa har ta wuce. In na yi shiru a nan, an rufe ni ke nan, in koma tabarma in jira abin da ya sami Inna.

Sai muryata ta dawo. Na ce, “Alhaji, da girmanka. Ga ɗakin Inna can, daga cikinsa na fito yanzu. Duk wanda ya taɓa juya ta a kan shimfiɗa a cikinku ya faɗa. Ni na yi. An auna ni an ce hanyarta na ɗauko, an kuma gaya mini abin da zan yi. In na kwanta, masu maganar nan ba mai zuwa ya wanke ni. Gara a yi da ni ina tsaye.”

Can liman ya ce jiki amana ne, neman lafiya kuma ba abin kunya ba ne. Sai Malam ya ce, “Ni na ba ta izini, kuma ban janye ba. Tun da ta fara, ciwon kai ya barta. Hwaɗa dai na bai ragu ba.”

Kaina ya yi girma. Na ce a raina bari in rufe taro da kyau. Na ce, “Kuma da ƙahwata zan koma, yadda na zo.” Na yunƙura zan tashi daga durƙuson.

Ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Cinyoyina sun sandare kamar itace. Na sake yunƙurawa da ƙarfi, sai na tafi gefe guda, na faɗa kan farantin goro, goro ya watse har ƙarƙashin babbar rigar liman. Atine da wata maƙwabciyarta suka ciccibe ni suna “sannu, sannu”, kafaɗunsu na rawa don dariya. Aka kawo babur ɗin Malam, na kasa ɗaga ƙafa in hau. A ƙarshe amalanken shanu aka samu mai kai gero gari, aka ɗora ni a kan dammuna, atamfa a cinyata, dattawa suna biye a hankali a kan babura.

Haka na shiga Bukkuyum da la'asar. Mata a ƙofofin gida: “Barka da dawowa!” “Haƙuri akai, Hajiya, duk haka muke zaune.” Ladidi har da share hawaye.

Da na koma asibiti na ba malamar labari, sai da ta riƙe ciki. Ta gama dariyarta ta yi mini faɗa, ta ce mai hawan jini ba ya yin irin wannan gangancin a cikin rana. Na karɓa. Na ci gaba da tafiyata daidai ƙarfina, da shan maganina. Jinina ya sauka ya zauna, sugan da aka ce yana hanya bai iso ba har yau, ina sallata a tsaye. Da labarin ya bazu, mata suka fara zuwa suna tambayata a asirce, har muka zama ayari, Ladidi ce ma a gaba. Da hanyoyin bayan gari suka daina aminci, muka koma zagaya filin makarantarmu.

Abin da na koya, ki motsa jiki, 'yar'uwa, kada ki bari hutu ya kashe ki. Amma ranar da kika yi faɗa da maigida, ki bi hanyar da ba ta zuwa gidanku. Atamfar biko kuwa Malam ya yi ta zagaye-zagaye ko za a mayar wa mai kanti, tunda ba yaji aka yi ba. Na ce wahalar da na sha ta fi ta mai yaji. Na kai wa tela.